Farantan sola 168 a filin Dow Diamond: wuta aka nema ko talla?

A garin Midland na jihar Mishigan a Amurka akwai filin wasan besbol (wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda) mai suna Dow Diamond, gidan ƙungiyar Great Lakes Loons. A bayan katangar filin an jera farantan sola guda 168, kyautar wasu kamfanoni biyu na yankin, Dow Corning da Hemlock Semiconductor. Abin da ake faɗa a kansu kullum guda ne: wutar da suke samarwa ta isa ta riƙe allon sakamakon wasa, katafaren allon nan mai nuna maki da sunayen 'yan wasa. Maganar ba ƙarya ba ce. Sai dai duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga ba don a rage kuɗin wuta aka kafa su ba. Gari ne ya fito da hajarsa ya baje ta a inda jama'a suka fi taruwa, kuma da wannan mudun ya kamata a auna aikin.

Waye mai filin, waye mai biyan kuɗin wuta

Besbol a Amurka hawa-hawa ne. Akwai manyan ƙungiyoyi 30 a sama, kowacce kuma tana da ƙananan ƙungiyoyin raino a ƙananan garuruwa, inda matasan 'yan wasa ke goge hannu kafin a kira su sama. Ƙungiya ba ta hawa ko faɗuwa daga rukuni saboda ta ci ko an ci ta, yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafa. Ɗan wasa ne ke hawa. Loons na ƙarƙashin Los Angeles Dodgers tun daga 2007, kuma a waccan shekarar ce Clayton Kershaw, yana ɗan shekara 19, ya yi jifa a wannan fili kafin ya zama ɗaya daga cikin fitattun majefan zamaninsa.

Abin da ya shafe mu a wannan tsari shi ne rabon ɗawainiya. Babbar ƙungiya ce ke biyan albashin 'yan wasa da masu horarwa. Masu ƙaramar ƙungiya kuwa su ke da fili, su ke sayar da tikiti da abinci, su ke neman masu talla, su ke biyan ruwa da wuta. Ko an ci ko ba a ci ba, takardar kuɗin wuta tasu ce.

A Midland masu ƙungiyar ba wani attajiri ba ne, gidauniya ce mai suna Michigan Baseball Foundation, wadda William Stavropoulos, tsohon shugaban kamfanin Dow Chemical, ya jagoranci kafawa. Gidauniyar ta sayi wata ƙungiya da ke wasa a garin Battle Creek ta dawo da ita Midland. An fara gini a watan Afrilun 2006, aka buɗe a ranar 13 ga Afrilun 2007, bayan an kashe kimanin dala miliyan 33. Dow ne ya ba da filin da aka yi ginin, a wurin da wani tsohon ofishinsa yake a da, har ma an niƙa jan bulon tsohon ginin aka shimfiɗa shi a zagayen gefen filin wasa. Garin mutanensa ba su wuce 42,000 ba sosai, amma a kakar farko 'yan kallo sama da 300,000 suka shiga ta ƙofar filin.

Midland garin Dow ne tun 1897, lokacin da Herbert Dow ya kafa kamfaninsa don tace sinadarai daga ruwan gishirin da ke ƙarƙashin ƙasar yankin. Ba a raba sunan kamfanin da sunan garin.

Lissafin da ba a cika yi ba

Farantin sola na wajajen 2007 yakan ba da tsakanin wat 170 zuwa 200. Idan aka ninka da 168, ana maganar kilowat 30 ne, ko sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. A tsakiyar Mishigan, kilowat ɗaya na sola kan samar da yunit 1,100 zuwa 1,300 a shekara, irin yunit ɗin nan da mai mitar kati ke saya. Ke nan jimillar farantan za ta kama yunit 35,000 a shekara bisa ƙiyasi. Matsakaicin gida a Amurka na shan sama da yunit 10,000 a shekara, saboda haka ana maganar wutar gida uku ne, in an matsa huɗu.

Sai kuɗi. A wancan lokacin, kafa sola har a kunna yakan ci kusan dala 8 a kan kowane wat. Kilowat 30 ke nan ya tasar wa dala 240,000. Wutar 'yan kasuwa a Mishigan kuma a 2007 tana kusan santi 9 kowane yunit. Yunit 35,000 a wannan farashi bai wuce dala 3,000 da 'yan kai ba a shekara. Raba 240,000 da 3,000, ka ga shekara nawa za a yi kafin uwar kuɗi ta dawo: sama da 70. Alhali garantin faranti shekara 25 ne, inbata kuwa sau da yawa sai an canza ta bayan shekara 10 zuwa 15.

Babu ma'ajin da zai sa hannu a kan wannan da kuɗin gidauniya. Shi ya sa kalmar kyauta ke da nauyi a labarin nan. Da ba kyauta ba ce, da wuya a kafa su a 2007.

Akwai kuma wani ƙulli na haraji da ya ƙara ɗaure lamarin. A 2006 gwamnatin tarayyar Amurka ta fara yafe wa mai kafa sola kashi 30 cikin 100 na abin da ya kashe, ta hanyar rage masa harajin da zai biya. To gidauniyar da ba ta neman riba ba ta biyan irin wannan haraji, don haka babu abin da za a rage mata. Makarantu da coci-coci da ƙananan hukumomi duk sun sha fama da wannan. Hanya biyu ta rage musu: ko wani kamfani ya mallaki farantan ya ci rangwamen ya riƙa sayar musu da wutar, ko kuma wani ya ba su kyauta.

Rana na aiki da rana, wasa na dare ne

Wannan ita ce babbar matsalar sola a kowane filin wasa, kuma ita ce ake tsallakewa idan ana yabo. Yawancin wasannin Loons da misalin ƙarfe bakwai na yamma ake fara su. Gaskiya ne Mishigan na can ƙarshen yamma na yankin agogonta, kuma tana arewa sosai, ta yadda a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Amma ranar ƙarfe bakwai ta riga ta karkata, abin da faranti ke tsinta a lokacin kaɗan ne. Lokacin da ake kunna manyan fitilu, injinan sanyaya lemo da giya na ta aiki, ana soya dankali a kowane lungu, allon sakamako na ta walƙiya, a daidai lokacin ne farantan ke shirin kwanciya.

Ga kuma yawan kwanakin. A tsarin da ake bi yanzu ƙungiya a rukunin Loons na buga wasa 132 a kaka, rabi a gida. Kwana 66 ke nan daga cikin 365, tsakanin Afrilu da Satumba. Kusan kwana 300 babu wasa, rana kuwa ba ta duba jadawali.

To yaya aka yi farantai suka riƙe allon da ake kunnawa da dare? Amsar tana cikin yadda ake ƙirga irin wannan abu a Amurka. Mu a nan, idan mutum ya ce ya sa sola, abin da ke zuwa zuciya shi ne faranti da inbata da jerin batura, domin wutar gari ba abin dogaro ba ce. Abin da aka tara da rana shi za a sha da dare, in batir ya ƙare a zauna a duhu. Can kuwa layin wutar gari da wuya ya ɗauke, sai ya zama kamar rumbu: a zuba da rana, a ɗiba da dare, mita na riƙe da lissafi. Idan aka ce sola ta isa ta riƙe abu kaza, ma'anar ita ce abin da ta samar a shekara ya yi daidai da abin da wancan abu ya sha a shekara. Ba wai an ja waya daga faranti zuwa allo ba ne. Wutar da ke haska allon ƙarfe tara na dare daga tashoshin da ke kunne a lokacin take fitowa.

Kuma a Midland ba sai an yi nisa wajen neman irin wannan tasha ba. A gefen kogin Tittabawassee akwai Midland Cogeneration Venture, tashar gas mai ƙarfin sama da megawat 1,500. Asalinta tashar nukiliya aka fara ginawa, aka narkar da biliyoyin daloli, ginin ya riƙa nutsewa saboda ƙasar da aka cike ba ta daddale ba, daga ƙarshe aka watsar a 1984. Daga baya aka juya ta zuwa gas, ta fara aiki a 1990, tana ba Dow tururi tana sayar da wuta. Kilowat 30 a gefen kilowat miliyan ɗaya da rabi: ninki dubu hamsin ke nan.

Allon sakamako ma ba shi ne gwarzon shan wuta a fili ba. Manyan fitilun da ke kan dogayen turaku su ne. Irin fitilun da ake sawa a filaye a wancan zamani kowacce kan ja wat 1,500, sai ta yi mintuna tana ɗumama kafin ta yi haske sosai. Filin da ke da irinsu 200, a ce, yana jan kilowat 300 muddin suna kunne, ninki goma na abin da farantan za su iya bayarwa da tsakar rana. An zaɓi allon ne domin shi ido ke gani, kuma girmansa ya yi daidai da girman kyautar. Dabara ce ta masu talla, kuma ba laifi ba ce, in dai mai sauraro ya san abin da aka ce da abin da ba a ce ba.

Abu ɗaya da ke taimakon lissafin Dow Diamond shi ne an gina shi don a yi amfani da shi duk shekara. Ana iya rufe babban barandarsa da bangon gilashi, akwai murahun jin ɗumi, ana yin biki da taro a ciki ko da ƙanƙara na zuba. Ofisoshi na buɗe, firji na aiki, famfunan ban ruwan ciyawa na juyawa da bazara. Irin wannan shan wuta na rana shi ne abokin tafiyar sola na gaskiya. Damuwar kawai ita ce hunturun Mishigan: manyan tafkunan da ke kewaye da jihar na jawo hazo da gajimare, yini gajere ne, dusar ƙanƙara kan lulluɓe farantan. Abin da ake samu a Disamba bai cika kaiwa rabin na Yuli ba.

Masu kyautar

Sai an san su waye suka bayar kafin a gane me ya sa. Hemlock Semiconductor na wani ƙaramin gari mai suna Hemlock, tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a a mota ba daga Midland. Tun 1961 yake tace silikon har ya kai tsabtar da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙwayoyin farantin sola da shi. Dow Corning, wanda Dow da kamfanin gilashi na Corning suka haɗa hannu suka kafa a 1943, shi ke da kaso mafi girma a Hemlock a lokacin, kuma shi kansa yana yin sinadaran da ake liƙe farantai da su don kada ruwa ya shiga.

A 2007 kasuwar tataccen silikon na tashe. Jamus da Sifaniya na sayen sola babu ƙaƙƙautawa saboda tallafin gwamnatocinsu, kaya ya yi ƙaranci, farashin kilo ɗaya ya yi ta hawa har ya haura dala 400 a 2008. Hemlock na cikin manyan masu samar da shi a duniya, yana ta faɗaɗa masana'antarsa. A daidai wannan lokaci kuma Mishigan na kuka: kamfanonin motoci na Detroit na durƙushewa, rashin aikin yi a jihar ya fi na kowace jiha a ƙasar. Gwamna Jennifer Granholm, wadda daga baya ta zama sakatariyar makamashi ta Amurka, na ta tallata cewa sabon makamashi ne zai maye gurbin ayyukan da aka rasa. A 2008 jihar ta yi doka cewa kashi 10 cikin 100 na wutarta ya fito daga hanyoyi masu sabuntuwa kafin 2015.

Yanzu a dubi farantan da idon ma'aikacin Hemlock da ya kawo 'ya'yansa kallo ranar Asabar. Abin da yake yi a wurin aiki dunƙulen silikon ne mai launin toka, wanda ake zubawa a jaka a tura wata ƙasa. Ba abin da za a nuna wa yaro ya gane. Amma ga shi a bayan katanga an jera shuɗɗan farantai, sai ya nuna da yatsa ya ce irin abin da muke yi ne ke cikin waɗancan. Mutum 300,000 a shekara, cikinsu da ɗaliban da makarantu ke kawowa wasannin safe, da 'yan majalisar jiha da ake gayyata ɗakunan manyan baƙi. Idan kamfani na neman ma'aikata, yana neman rangwamen haraji da na kuɗin wuta daga jiha (tace silikon na shan wuta fiye da kima, Hemlock na cikin manyan masu shan wuta a duk Mishigan), to kwatan miliyan ɗin dala a wurin da kowa zai gani ba asara ba ce. A ganina, a wannan fuskar aikin ya biya kuɗinsa tun a kakar farko.

Ba su kaɗai suka yi wannan tunani ba. A 2007 ɗin dai manyan filaye uku sun kafa sola: na San Francisco da farantai 590, na Denver da 46, na Cleveland da 42. Ka ga ƙaramin fili a garin mutum 42,000 ya ninka na Denver da na Cleveland kusan sau huɗu.

Abin da ya biyo baya

Sola ta yi arha, amma ba ta hanyar da Hemlock ya so ba. Kamfanonin ƙasar Sin sun shigo da ƙarfi, suka gina masana'antu masu yawa, kaya ya cika kasuwa. Kilon silikon da ya haura dala 400 ya faɗo ƙasa da dala 20 a wajajen 2012. A shekarar Amurka ta ɗora haraji a kan ƙwayoyin sola na Sin, Sin kuma ta rama a 2013 a kan tataccen silikon na Amurka, da harajin da ya haura kashi 50 cikin 100. Da yake a Sin mafi yawan masu sayen suke, ƙofar kasuwa ta rufe.

Hemlock ya riga ya kashe kimanin dala biliyan 1.2 wajen gina sabuwar masana'anta a Clarksville ta jihar Tenesi. An gama ta, amma ba ta taɓa fara aiki ba. A farkon 2013 aka sallami ma'aikata kusan 400, a ƙarshen 2014 aka sanar da rufe ta gaba ɗaya. Google ne ya karɓi wurin daga baya ya gina cibiyar adana bayanai. Shi ma Dow ya gwada sa'arsa da wani rufin gida mai haɗe da sola, Powerhouse, wanda ake ƙerawa a Midland tun 2011. A 2016 ya daina. A shekarar ce kuma Dow ya mallake Dow Corning gaba ɗaya, daga baya sunan da ke jikin kyautar ya ɓace daga kasuwa. Hemlock bai mutu ba, silikon na kwamfuta ya riƙe shi, yanzu Corning ke da mafi yawan hannun jarinsa, kuma a 2024 gwamnatin Amurka ta sanar da tallafin da zai iya kaiwa dala miliyan 325 don ya faɗaɗa wannan ɓangaren.

Faɗuwar farashin da ta jijjiga masu kyautar ita ce ta sauya lissafi ga filaye. Farantin yau kan ba da wat 400 zuwa sama, kuma kafa sola a ginin kasuwanci a Amurka bai kai sulusin kuɗin 2007 ba. A 2018 filin San Diego ya kafa farantai sama da 700 masu ƙarfin kilowat 336, ninki goma sha ɗaya na ƙiyasin da muka yi wa Midland. Wannan kam an yi shi ne da niyyar a ga ragi a takardar kuɗin wuta.

Duk da haka, ga ƙaramin fili, ba sola ce wurin da ya fi dacewa a fara sa kuɗi ba. Fitilu ne. Sauya tsofaffin fitilu da na LED kan rage wutar haska fili da rabi ko fiye, kuma ragin na zuwa ne daidai lokacin da ake jan wuta mafi yawa. Wannan na da muhimmanci domin kamfanonin wuta a Amurka ba yunit kaɗai suke cajin babban mai shan wuta ba. Suna kuma cajinsa a kan ƙololuwar abin da ya ja a lokaci guda cikin wata. Ƙololuwar filin besbol da dare take, inda faranti ba ya da ta cewa sai da batir. Seattle ce ta fara sauyawa zuwa LED a cikin manyan filaye a 2015. Da aka sake fasalin ƙananan ƙungiyoyi a 2021, aka rage su daga 160 zuwa 120, an gindaya wa waɗanda suka tsira sababbin sharuɗɗan gini, har da ƙarfin hasken fili, lamarin da ya tura da dama daga cikinsu sayen sababbin fitilu.

Dokokin ma ba su tsaya wuri guda ba. Bayan dokar makamashi ta Mishigan ta 2016, an sauya yadda ake biyan mai tura rarar wuta kan layin gari: abin da ya tura ana saya a ƙasa da farashin abin da ya ja. Ke nan filin da ke samar da wuta da rana ya sha da dare ya fi kowa jin wannan canji. Ta ɓangaren tarayya kuwa, dokar 2022 ta warware tsohon ƙullin nan, ta ba gidauniyoyi damar karɓar kashi 30 ɗin a matsayin tsabar kuɗi tunda ba su da harajin da za a rage musu. Damar ba ta daɗe a buɗe ba. Dokar da aka sa wa hannu a ranar 4 ga Yulin 2025 ta ce aikin sola da ba a fara gininsa ba zuwa 4 ga Yulin 2026, sai an kammala shi an kunna kafin ƙarshen 2027 sannan ya ci wannan rangwame.